Baƙo Daga Dutsen Marke

A Gyaɗi-Gyaɗi, duk matar da ta taɓa kai markaɗe gidan Inna Husaina ta san labarin Dutsen Marke. Injin yana tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, kuma da zarar an ɗauke wuta sai mata su jera robobin wake da na tattasai su zauna jira, ita kuma ta buɗe baki. Ƙauyen da aka haife ta ke nan, can kudancin Kano, bayan an ratsa dajin Falgore an wuce Doguwa, cikin duwatsun da suka kewaye Riruwai. Gida goma sha ɗaya ne kacal, in ji ta, a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse da ke saman tsauni. Ba a shiga garin sai ta wani matsattsen mashigi tsakanin duwatsu biyu, inda dole a sauke wa jaki mangala kafin ya wuce. Rumbuna a kan dutse ake gina su, gara ba ta samun hanya. Da damina gajimare yakan sauko har tsakar gida, mutum ya ji tarin maƙwabcinsa bai gan shi ba. Ruwan sha kuwa marmaro ne da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, gabas da gari, sanyinsa har cikin haƙori.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka raba ta da wurin. Mahaifiyarta ta rasu, gwaggonta Indo ta zo gaisuwa daga Kano ta tafi da ita, aka bar abokin tagwaicinta Hasan wurin mahaifinsu. Ba a jima ba Gwaggo Indo da mahaifin suka samu saɓani a kan abin da Husaina ba ta taɓa sani ba, ƙafa ta ɗauke. Wata shekara aka ce mahaifin ya rasu. Ta yi aure, ta haifi biyar, ta aurar da su, mijinta Malam Shehu direba ya rasu ya bar mata gidan nan. Sau biyu tana ba masu tallar zuma da suka ce daga wajen Doguwa suke saƙo, ba wanda ya dawo mata da amsa. Shekara arba'in da bakwai ke nan ba ta san ko Hasan yana raye ba.

Wata Talata da hantsi, cikin damina, tana wanke bakin inji, ta ji an tsayar da adaidaita sahu a ƙofar gida, an yi sallama daga soro. Ta yafa mayafi ta leƙa. Wani mutum ne dogo siriri, bai fi shekara talatin ba, ya tsuguna har ƙasa, a gabansa ga galan ɗin zuma da ƙullin acca.

"Ina kwana, Gwaggo."

Ta amsa a taƙaice, tana jiran ta ji ta ina ta zama gwaggonsa.

"Sunana Mu'azu. Ni ɗan Hasan ne, Hasan na Dutsen Marke. Baba ne ya ce in nemo ki."

Husaina ta dafa bango. Abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ke nan, amma da ya zo sai ta ji zuciyarta ta toge, ta ƙi tafiya gare shi. Ta ƙare masa kallo tun daga hula har silifas. Hasan ɗin da ta sani gajere ne, mai faɗin fuska, da wushirya. Wannan ko ɗaya bai ɗauko ba.

"Wa ya nuna maka gidan nan?"

"Wata mata na ɗauko daga kasuwar Tarauni. Suna hira da 'yar'uwarta a baya, na ji ta ambaci Dutsen Marke, wai mai markaɗen layinsu a can aka haife ta. Shi ne na tambaye ta layin."

"Wace mata?"

"Ban tambayi sunanta ba, Gwaggo."

Ta tambaye shi sunan kakarsa, ya ce Fatima. Ta tambayi na kakansa, ya ce Malam Ɗanjuma. Duk daidai. Sai dai waɗannan sunaye ta faɗe su a gindin inji ya fi sau ɗari. Ya ce Baba ya manyanta, gwiwa ta matsa masa, ba abin da yake so irin ya gan ta.

"Duk ranar da kika shirya ni zan kai ki da kaina," in ji shi. "Ba sai an wahalar da kowa ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mata a rai. Ta kawo masa ruwa ya sha, ta ce ya dawo ranar Alhamis. Da ya tafi ta kai zumar da accar ɗakin ajiya ta rufe, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Da yamma 'yarta Rukayya ta zo. Malamar firamare ce, tana aure a Tarauni, kuma ita ce Husaina ke nema in magana ta yi nauyi. Ko hijabi ba ta cire ba ta saurari labarin.

"Umma, ki tsaya ki duba. Mutum ya san gidan nan naki ne, ya san kina da 'ya'ya masu aiki, ya zo ya ce ki bi shi ke kaɗai ku ratsa dajin Falgore. Me ya faɗa miki wanda Ijeamaka mai shagon kan layi ba ta sani ba? Ita ma in kika tambaye ta sunan kakata yanzu za ta faɗa miki."

"To in kuma gaskiya ne fa? In kori jinin Hasan daga ƙofar gidana?"

"Ban ce ki kore shi ba. Cewa na yi kar ki bi shi."

Husaina ta shiga juya maganar. Suna dai ana iya ɗauka a bakin wani. Amma wanda ya taso yana hawa da sauka a dutsen nan, ƙafarsa ma ta san wurin, ba sai ya yi tunani ba. Ta nan za ta bi masa.

Ranar Alhamis ta shimfiɗa masa tabarma a soro, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta bar ƙofar titi a buɗe. Ta fara da hirar damina da tsadar mai, sannan ta saki tambayar kamar ba ta damu ba.

"Har yanzu ana sauke wa jaki kaya a mashigi?"

"Wane mashigi, Gwaggo? Ai babur har ƙofar gida yake zuwa. Ranar kasuwa ma mota tana shiga."

"Ikon Allah. Ruwa fa, a ina kuke ɗiba?"

"Famfon tuƙa-tuƙa ne, a gaban makaranta."

"Gida nawa ne yanzu?"

"Sun haura sittin."

Ta gyaɗa kai. A ranta kuwa tana auna dutsen. Gida goma sha ɗaya ma sai da aka matsa, har garken awaki a gangare ake yin sa. Ina za a sa sittin, ina za a sa makaranta?

"In ka fito daga masallaci da safe ka dubi ƙasa, me kake hangowa?"

"Ƙasa kuma?" Ya duba wayarsa, ya mayar aljihu. "Gonaki ne dai, Gwaggo. Masara da dankali."

Daga ƙofar masallacin da ta sani, mutum yakan hango kwari gaba ɗaya, shanu kamar tururuwa, shaho yana shawagi a ƙasanka ba a samanka ba. Wanda ya taɓa gani ba zai ce gonaki ne dai ba. Ta gyara zama, ta sassauta murya.

"Allah sarki. Kukar nan ta tsakiyar gari, wadda ake ɗaure jakai a gindinta, tana nan?"

Ya ɗan yi jim. "Tana nan. Ta tsufa dai."

Ba a taɓa samun bishiyar kuka a Dutsen Marke ba. Ƙasar tsakiyar garin ba ta kai kamu ɗaya ba, marken da garin ya ci sunansa ma daga tsagar dutse ya fito. Husaina ba ta nuna komai a fuska ba. Ta ce masa ya ba ta kwana biyu ta yi shawara. Da ya fita ta bi shi har bakin ƙofa kamar rakiya, ta kalli lambar da ke jikin keken, ta dawo ta rubuta da gawayi a bayan ƙyaure. Ba ta yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata.

Ranar Asabar Rukayya ta raka ta gidan Malam Zakariyya a Tarauni. Tsohon safiyo ne, mai auna ƙasa, wanda marigayi Malam Shehu ya yi wa tuƙi shekara goma sha takwas. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya shiga ɗaki ya daɗe yana jan akwatuna. Ya fito da wata naɗaɗɗiyar taswira da ta yi ja don tsufa, ya shimfiɗa a tabarma, ya danne gefenta da buta da takalmansa.

"Hajiya, kin ga waɗannan layukan da suka matse juna? Tsayin dutse ke nan. Inda suka haɗe, ko akuya sai ta tsaya ta duba kafin ta hau." Ya bi takardar da yatsa a hankali. "Ga Riruwai. Ga tsofaffin ramukan kuza. Ga naku nan."

Husaina ta sunkuya. 'Yan ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba, a tsakiyar wani ɗan fili da layuka suka zagaye. Ta ɗora yatsa a kansu ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Baba, akwai hanyar mota?" in ji Rukayya.

"Babu, kuma ba za a yi ba. Wanda ya ce ya kai babur saman nan ƙarya yake."

Rukayya ta dubi uwarta.

"Amma ku tsaya," in ji Malam Zakariyya, ya cire tabarau. "Takardar nan ta girme ki, Rukayya. Na yi aiki a yankin wajen shekara talatin da suka wuce, kuma a lokacin ƙauyukan kan dutse da yawa suna saukowa. Ruwa ya ja baya, an yi titi da makaranta a ƙasa, matasa sun gaji da hawa da kaya a ka. In za su sauko kuma da sunan garinsu suke saukowa. Sai ki tarar da gari a shimfiɗaɗɗen fili ana kiran sa Dutsen kaza, kufansa yana can sama birai suna wasa a ciki."

"Ke nan gaskiya yaron ya faɗa?" in ji Husaina.

"Ban ce ba, Hajiya. Abin da na sani shi ne, wanda aka haifa a gindin dutsen nan ba zai rasa sanin iyayensa daga sama suka sauko ba. Kin yi masa tambayar mashigi, kin yi masa ta ruwa. Me ya hana shi ya ce miki, Gwaggo ai wancan tsohon gari ne? Ko dai bai san wurin ba sam, ko kuma ya sani, ba ya so hirar ta hau sama." Ya fara naɗe taswirar. "Kar ki bi shi ko nan da titi. Ki ce a haɗa ki da Hasan a waya."

Ranar Litinin Mu'azu ya dawo. Rukayya ta zauna a bayan labulen da ya raba soro da tsakar gida, waya a hannu. Wannan karon Husaina ba ta yi kewaye-kewaye ba.

"Yaushe kuka sauko daga kan dutse?"

Ya ɗago kai da sauri, sannan ya mayar. "Ina goye aka sauko."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ɗauka kin sani."

"Na tambaye ka mashigi, ka ce wane mashigi."

Ya kawar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Kukar fa?"

"Kunyar musa miki na ji, Gwaggo."

"To. Muryar Hasan nake so in ji."

"Babu sabis a garin. Sai an hau dutse ake samu, shi kuma ga gwiwa."

"Gwiwar da za ta hana shi hawa, ni ma irinta gare ni, kuma kana so in yi tafiyar yini guda. Ka aika masa. Ranar da na ji muryarsa sai a yi maganar tafiya. Kafin nan kar ka ƙara kawo min komai."

Mako biyu ana abu ɗaya. Yau ya bugo ya ce direban da ya ba saƙo bai tafi ba, gobe ya ce ruwa ya cinye hanya. Sau biyu Husaina tana hango kekensa ya ratsa layin a hankali bai tsaya ba. Ta sa aka canza kwaɗon ƙofar soro. Rukayya ta ce a kai lambar keken ga 'yan sanda a huta, Husaina ta ce a bari Juma'a ɗaya ta ƙara wucewa. Ita kanta ba ta san abin da take jira ba. Wani lokaci tana cikin markaɗe sai ta ga kamar yadda yake riƙe kofi da hannu biyu irin na mahaifinta ne, can kuma ta ce wa kanta rabin mutanen ƙauye haka suke riƙe kofi.

Ranar Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, ya zo ya zauna a soro ya ajiye wayarsa a kan tabarma. Ya ce an ce yau Baba zai hau. Suka zauna su uku, shi da Husaina da Rukayya, har inuwar katanga ta tsallake kwata. Sannan wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka ya ce, "Baba, ga ta." Rukayya ta karɓe, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji.

Iska ce ta fara fitowa, mai ƙarfi, sannan muryar wani tsoho yana haki.

"Salamu alaikum. Husaina ce?"

Ba ta san muryar ba. Hasan ɗin da ta bari muryar yaro gare shi. Kowane tsoho kuma yana iya haki a waya.

"Ni ce. Kana ina yanzu?"

"Ina kufai. An ce min sabis yana kamawa tun a rabin hanya, na ce tunda na taso sai na kai. Tun hantsi nake hawa. Ga ni zaune a inda rumbunmu yake."

"To ka juya gabas, ka faɗa min ko marmaro yana nan."

Kukan iska ya cika wayar.

"Gabas? Wane marmaro ne a gabas? Gabas ai ramukan kuza ne, inda Baba ya hana mu zuwa. Marmaro yamma yake, bayan ɗakin Inna, a gangara ta tsakanin duwatsun nan masu santsi."

"Gabas yake," in ji Husaina. "Rana tana dukan idona in za mu ɗebo ruwa."

"Ranar la'asar ce take dukan idonki. Yaushe kika taɓa zuwa ɗibar ruwa da safe? Da safe ni ake turawa. Ke ana sa ki gadin masara kar birai su shiga, ki je ki kwanta a kan dutse ki yi ta barci, in dawo in tarar sun karya masarar rabin kunya, a dake mu tare."

Husaina ta rufe ido. Ta ga gangaren, ta ga tulu a kanta, ta ga hasken da ke shiga idonta. Ja ne, ba farin hasken safiya ba. Inuwarsu tana miƙewa ta baya, wajen gidaje, Inna tana kira daga sama su yi sauri kafin magariba. Shekara arba'in da bakwai tana gaya wa mata gabas. Duk wanda ya ɗauki labarin a bakinta, gabas zai ce.

"Hasan," ta ce.

"Na'am, Husaina."

Rukayya ta juya fuska wajen bango. Can tsohon ya share murya.

"Allah ya saka miki da alheri da kika neme ni. Mu'azu ya aiko cewa kin yi shekaru kina cigiyata, har kika gano shi a tasha."

Husaina ta buɗe ido ta sauke su a kan Mu'azu. "Ni na gano shi? Shi ya zo ƙofar gidana ya ce kai ka aiko shi."

"Ni? Ban ma san kina raye ba sai makon jiya." Iska ta sake cika wayar. Da muryar ta dawo ta yi sanyi. "Yana nan kusa da ke? To na gane. Maganar masu haƙar dutse ce."

Ya yi mata bayani a gajarce, yana tsayawa yana numfashi. Bara waɗansu mutane sun zo da na'urori suka yi ta auna saman tsaunin, suka ce akwai abin da suke so a ƙarƙashin kufai. Magadan sauran gidajen duk sun yarda, shi kaɗai ya ƙi, don kabarin Inna da na Baba suna nan a gefen filinsu. Filin nasu kuma shi ne a bakin mashigi, ba a shiga sai ta cikinsa. Da aka matsa masa, dagaci ya tuna cewa Malam Ɗanjuma 'ya'ya biyu ya bari, kuma macen ma tana da kaso.

"In kika sa hannu a naki, nawa ba zai tsaya shi kaɗai ba," in ji Hasan. "Shi ya sa aka tashi neman ki. Ni dai ko ta wace hanya aka same ki, na gode wa Allah. Amma kar ki dangwala yatsa a kan komai sai kin zo kin..."

Wayar ta yanke. Rukayya ta yi ta gwada kira, ba ta shiga.

Mu'azu bai ɗago ba. Da ya yi magana, tabarma yake kallo.

"Gwaggo, dutse ne kawai. Ba a noma shi, ba a kwana a cikinsa. Kowa ya yarda sai Baba. Keken nan ba nawa ba ne. Ina da mata da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a Unguwar Gano, in ruwa ya sauko a tsaye muke. Na ce in kin zo kin ga yadda muke, ke da kika zauna a birni za ki fi shi ganewa."

"Shi ya sa ka ce kar a wahalar da kowa. Ka kai ni ni kaɗai, a miƙo min takarda da tawada, ni da ban iya karatu ba."

"Da za a karanta miki."

"Wa zai karanta? Kai?"

Husaina ta daɗe tana kallon sa. Jinin Hasan ne, wannan kam ta tabbata yanzu, kuma tabbatar ba ta rage komai daga abin da take ji ba.

"Tashi ka tafi," ta ce. "Da ka zo ka ce min yunwa ta koro ka, da na san abin da zan yi da kai."

Ranar Talata da sassafe suka hau mota a tashar Unguwa Uku, ita da Rukayya da mijinta Nura, ba su gaya wa kowa ba. Sun isa bayan la'asar. Sabon Dutsen Marke gari ne na kwano a bakin hanya, ba ta gane komai a cikinsa ba sai tsaunin da ke tsaye a bayansa. Wani gajeren tsoho mai farin gemu ya taso daga benci yana dogara sanda, ya tsaya a gabanta yana dariya, hawaye na bin gemun. Hasan ne. Kwana biyar ta yi. A rana ta uku suka hau, su biyu da sanduna, Nura da Rukayya a bayansu, sai da suka huta sau bakwai. Wurin ya yi mata ƙanƙanta ƙwarai, ciyawa ta rufe tushen ɗakuna, kuma an bi duwatsu an shafa musu jan fenti nan da can. Ɗaya daga cikin alamomin bai fi taku uku daga kabarin Inna ba. Da suka sauko ta je gaban dagaci, a gaban mutane, ta ce bakinta da na Hasan ɗaya ne. Waɗansu suka daina gaishe ta har ta bar garin.

Wata biyu Mu'azu bai tako Gyaɗi-Gyaɗi ba. Sai wata ranar Laraba da azahar, an fara girbi, ta ji sallamarsa a soro. Ta fito ta tarar ya tsuguna, ya rame, hannu wofi. Suka gaisa. Ta tambayi matarsa da yara, ya ce ƙaramar ce ba ta jin daɗi amma da sauƙi. Ta ce ya kawo su ranar Lahadi ta gan su.

"Ka ci abinci?"

"A'a, Gwaggo."

"To shigo ciki. Amma takardar da ke aljihunka ka bar ta a keke."

Ya tsaya yana kallon ta. Sannan ya miƙe, ya fita, ta ji ya buɗe akwatin ƙarƙashin kujerar keken ya rufe. Ita ba ta ga wata takarda ba, faɗa kawai ta yi. Ta shiga ta ɗauko kwano ta fara zuba masa shinkafa da wake.